Ciwon da Babanku Ya Ɓoye

Kun taso kuna jin ana cewa akwai shekarar da na bar gidan babanku na tafi gidanmu Tibiri na yi damina guda, kuma kowa da irin dalilin da aka ba shi. Ke Ramatu, a lokacin kina aji huɗu, kin ga komai da idonki amma ba ki san ma'anarsa ba. Mustafa da Sani an ce musu kakarsu ce ba lafiya. Wasu a dangin babanku har yau suna cewa kama ni aka yi da asiri a cikin ɗaki. Ban taɓa amsa wa kowa ba, domin amsar ba tawa ba ce ni kaɗai. Yanzu da babanku da gwaggonku Hajo duk sun riga mu gidan gaskiya, ni ma idona ya fara gajiya da rubutu, gara ku ji daga gare ni. Maganar tana da nauyi a bakin uwa. Na koyar da ƴaƴan mutane shekaru masu yawa a lakwal, wato makarantar boko, ban taɓa shakkar abin da zan rubuta ba sai yau. Kowa ya karanta shi kaɗai, kuma kada wanda ya zo ya zauna gabana da zancen.

Babanku, Alhaji Isufu, kun fi saninsa a tsufansa, siriri mai sanda da ƴar jakar magani. Ba haka yake ba a farkon shekarar da nake ba ku labari. Mutum ne mai jiki, mai dariya da ƙarfi, wanda tun daga zaure ake sanin ya dawo. Sana'arsa wake. Da kaka ta yi sai ya bi kasuwannin Ɗan Kassari da Kore Mairuwa yana saye a hannun manoma, ya tara a shagonsa na bakin tasha a nan Dogon Dutsi, har masu manyan motoci su zo daga ƙetaren iyaka su kwasa. Shayinsa kuwa, ni ba na iya kurɓa don suga. Taba ma ya daɗe yana sha a ɓoye kafin ya bari. Yana cikin mutanen farko a unguwarmu da suka karɓi wa'azin sunna, kuma hakan ya raba shi da abubuwa da yawa na gidansu, domin gidan bori ne, akwai doguwar da ake yi wa yanka tun zamanin kakanni. Yayarsa Hajo ce ta riƙe wannan bayan rasuwar uwarsu. Suna ƙaunar juna ƙwarai, amma da wuya su zauna su tashi ba su yi gardama a kai ba.

Lokacin babanku ya doshi shekara hamsin. Abin ya fara a hankali, bayan an gama hada-hadar kaka. Ba zan yi muku bayanin da bai kamata ba. Ku duka kun yi aure, kun san akwai abin da ke tsakanin miji da mata, to wannan ne ya fara gagarar babanku. Karon farko muka ɗora wa gajiya, har ya yi dariya ya ce buhunan wake ne suka rama. Da ya sake faruwa bai yi dariya ba. Daga nan wani lokaci lafiya, wani lokaci babu, har babun ta rinjaya. Sai ya fara guduna. Ya daina cin tuwo a ƙofar ɗakina. Ya ɗauke shimfiɗarsa ya kai zaure, wai ɗakin ya yi masa zafi, alhali ana sanyi. Idan muka haɗu a tsakar gida sai ya kalli buta, ko akuya, ko takalminsa, komai dai ban da fuskata.

Ni kuma na shiga zargin kaina. Ina tsaye gaban allo ina koyar da lissafi, zuciyata tana gida tana ƙirga abin da haihuwa da shekaru suka yi wa jikina. Na ce ko ya gaji da ni. Na ce ko akwai wata a Kore Mairuwa, tun da yana yawan zuwa. Wallahi akwai ranakun da na yi fatan hakan ne, don da na san da abin da nake faɗa. Na je wurin wata mai sayar da kayan mata a bayan kasuwa, abin da ban taɓa yi ba, na sayo turaren wuta da ƴan ƙulle-ƙullen gari da ta ce a dama da nono. Na yi lalle, na yi kitso. Ranar da ya shigo ya ji ƙamshin, ya ga ƙafata, sai na ga fuskarsa ta faɗi kamar wanda aka yi wa saƙon mutuwa. Ya juya ya fita. A ranar na gane kwalliyata ba daɗi take ba shi ba, tsoro take ba shi. Na tattara kayan na tura ƙarƙashin gado.

Wata safiya, bayan kun tafi lakwal, kafin ni ma in bi bayanku, na kai masa koko zaure na ƙi tashi.

"Alhaji, in wani laihi na yi maka, ka gaya mini in ba ka haƙuri."

"Ba ki yi mini komi ba."

"To mi ya raba ka da ɗakinka?"

Ya daɗe yana juya ludayi a cikin kwano. Da ya buɗe baki sai ya kira sunana, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana.

"Hadiza, ni dai na ƙare. Ina tahiya kasuwa, ina gaisawa da mutane, ana ce mini Alhaji, amma ni na san ba sauran namiji a cikin rigar ga. Ban san mi na yi ba. Ban san ko wani ya yi mini ba."

"Ciwo ne, Alhaji. Mu tahi likita."

"Wace likita? Wadda ɗiyan makwabta ke rubuta sunan mutum? Rabinsu ke kika koya musu karatu. In tsaya gaban yaron da na ba kuɗin alewa in ce mishi mi?"

Sannan ya sa na rantse. Ya ce idan maganar nan ta fita daga tsakaninmu, to in sani ba shi ba zama a garin nan. Na rantse masa da Allah. A lokacin ban ga wuyar rantsuwar ba, har wani sanyi na ji a raina, domin aƙalla na san ba ƙina yake ba.

Daga nan gidanmu ya koma gidan magani a ɓoye. Kun san masu tsayawa da lasifika ranar kasuwa suna kiran sunayen cututtukan maza ba kunya. Babanku, wanda da yake tsaki idan ya wuce su, ya koma yana aika saƙo a karɓo masa. Akwai saiwar da ake jiƙawa, akwai garin da ake cakuɗawa da zuma a lasa safe da yamma, akwai ƙwayoyi marasa takarda da direbobi ke shigowa da su daga iyaka. Ya sha rubutu, ya yi hayaƙi. Kowane sabon magani yakan zo da kwanakin sa rai, sai ya gwada, sai abin ya ƙi, sai ya fi da shiga duhu. Ni kuma ina ganin wasu abubuwa da ban san yadda zan haɗa su ba. Ƙishirwa ba ta barinsa, randa guda ba ta kai masa yamma. Bini-bini yana hanyar makewayi. Rigunansa suka fara yi masa yawa. Ya ce rubutun Alƙur'ani yana yi masa hazo-hazo. Ƙaya ta soke shi a babban yatsan ƙafa a Ɗan Kassari, ƴar ƙaramar huda, amma wata ya zagayo ba ta rufe ba. Na taɓa ganin tururuwa ta taru a inda yake tsugunawa, na share na zuba toka, ban kawo komai a raina ba. Na san akwai ciwon suga, har na taɓa karanta wa yara darasi a kansa, amma ban taɓa jin wanda ya ce yana da alaƙa da abin da ke damunmu ba. Na ɗauka damuwa ce ke cinye shi.

Cikin bazara gwaggonku Hajo ta zo daga ƙauye da ƙullin daddawa. Mace ce mai ido. Kwana biyu ta yi ta ga ƙanenta ya rame, ta ga shimfiɗarsa a zaure, ta ga ba ma haɗa ido. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta zauna da shi a zauren, ina jin muryarta tana hawa tana sauka, shi kuma shiru, mutumin da bai taɓa barin ta kai aya ba idan ta ɗauko zancen doguwa. Wannan shirun ya fi komai ba ni tsoro. Bayan mako guda ya ce zai je Ɗan Kassari duba wani wake da ya bari. Na san babu waken da ya rage a ƙauye a wannan lokaci. Daga baya, da shekaru, shi da kansa ya gaya mini Hajo ta kai shi wurin wata mai bori ne, aka yi kiɗa, aka yanka baƙar akuya, yana zaune a ƙasa da hularsa a hannu. Ya ce a ransa yana ta istigfari, kuma duk da haka yana sa rai. Abin da aka faɗa masa a can shi ne an ɗaure shi, kuma hannun da ya ɗaure shi a cikin gidansa yake cin tuwo.

Tare suka dawo. Ina lakwal Hajo ta shiga ɗakina ta birkice shi. Da na dawo na tarar da ita zaune a tsakar gida, ta baje ƴan ƙulle-ƙullen nan na ƙarƙashin gado a kan faifai, ga matan makwabta biyu tsaye.

"Madam, wanga fa? Shi ma a lakwal anka koya miki shi?"

"Yaya, kayan mata ne. Kowa ya san su."

"Kayan mata. Kin ga ƙanena kamar an tsotse rake, kin kore shi zaure, ki ce mini kayan mata."

Na juya na kalli babanku. Yana tsaye a bakin zaure. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa, ya ce ya san dalilin da ya sa na saye su. Amma faɗin haka yana nufin faɗin sauran, a gaban makwabta. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Yaya, ki bari." Ya faɗa a hankali, ya shige. Ba na jin ya yarda da zargin ko na rana ɗaya, amma bai wanke ni ba, kuma kafin la'asar maganar ta gama unguwa. Washegari a lakwal abokan aikina suka yi shiru da na shigo ofis.

Duk wannan na iya haɗiye shi. Abin da ban iya haɗiyewa ba ya zo ana dab da saukar ruwan farko. Ranar kasuwar Kore Mairuwa, da rana tsaka, wata mota ta tsaya a ƙofar gida, direba da wani mutum suka shigo da babanku a rirriƙe. Suka ce yana cikin ciniki ya dafe ƙirji, ya yi gumi, ya sulale ƙasa. Sun so su kai shi likita a can, da ya farfaɗo ya ƙi. Na kwantar da shi, na cire masa takalmi, sai wari ya buge ni. Yatsan nan ya kumbura ya yi duhu. A aljihunsa na sami ƙwayoyin iyaka, an ɓalle da yawa. Na roƙe shi har da kuka, ya juya fuska bango ya ce rana ce ta buge shi. Na fito na tsaya a tsakar gida, ku kuna cin abinci a inuwa kuna gardama a kan wani abu, sai na ga kamar ina kallon marayu.

Akwai mutum ɗaya da na san zai iya da shi. Majo Garba, wanda ya yi aikin jinya shekaru har ya yi ritaya, abokin babanku tun suna samari. Kullum bayan la'asar tare suke zama a kan benci a ƙofar shago. Na ɗauki mayafi na fita. Tsakanin gidanmu da nasa ba nisa, amma sai da na tsaya a hanya na juya kamar zan koma, na sake juyowa. Ina tuna rantsuwar da na yi, ina tuna abin da ya ce zai yi. Na sami Majo yana gyara rediyo a zaurensa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, na ce abokinsa ba lafiya, na faɗi faɗuwar da ya yi da maganar ƙafa. Ya ajiye rediyon. Ya tambaye ni shan ruwa, ya tambaye ni fitsari, ya tambaye ni ido. Duk na amsa. Na ajiye masa ƙwayoyin a gabansa. Ya ɗaga ya duba.

"Madam, kin san na mi ne waɗanga?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

Ina iya cewa ban sani ba. Ina iya yin shiru ya gane da kansa, in ce ban karya rantsuwa ba. Amma na ga idan na rage wani abu, wataƙila abin da na rage shi ne zai kashe shi. Na kalli bango na faɗa masa duka, tun daga kaka.

"Allah shi ba mu sauƙi," in ji shi. "Ina tsammanin suga ce, kuma ta daɗe. Waɗanga ƙwayoyi da zumar da shike lasa su ne za su gama da shi. Gobe in sha Allah Dosso za mu, inda ba wanda ya san shi."

Ban san yadda ya shawo kansa ba. Da safe dai suka shiga mota. Suka yi kwanaki a asibitin Dosso, aka ce sugar ta hau ƙwarai, ga hawan jini a kai, aka wanke ƙafar, Allah ya sa ba a kai ga yanke yatsan ba. Amma a gaban likita, da babanku ya tsaya ga maganar ƙafa ya ƙi ƙarawa, Majo ne ya ƙarasa masa sauran. Nan babanku ya gane daga inda maganar ta fito. Ranar da ya dawo ya zauna a bakin gado da ledar magunguna a hannu. Bai ɗaga murya ba.

"Kin rantse mini da Allah."

"Na rantse, Alhaji."

"Garba. Duk garin ga ba ki ga wanda za ki kwance mini wando gabanshi ba sai Garba."

"Na ga za ka mutu ne."

"Da kin bar ni. Ki shirya ki tahi Tibiri ki ga Inna. In na neme ki, kya ji."

Bai ce ya sake ni ba, bai kuma ce yaushe ba. An shiga hutun lakwal, don haka ba ni da ko hujjar aiki. Na tafi na bar ku a hannun Hajo.

Ban taɓa yin damina mai tsawo kamar wannan ba. Inna ta tambaye ni sau ɗaya abin da ya haɗa mu, na ce saɓani ne, ta dube ni ta ci gaba da tsince shinkafarta. Na yi azumin kaffarar rantsuwata. Ina bin matan gida gona don kada in zauna da tunani, amma tunanin yana bina har can. Duk kabu-kabun da ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, in ce saƙon saki ne, ko kuwa saƙon da ya fi shi muni. Na san Hajo, na san ƙaunarta ga ƙanenta fura ce da suga da tuwo malmala uku, kuma ba mai gaya mata a'a. Ina tunanin ko yana shan maganin, ko ya sayar da shagon ya bar garin kamar yadda ya ce. Ina tunanin Sani da ba ya barci sai an shafa masa baya. Sau ɗaya Majo ya kira wayar ƙanena ya ce a gaya mini jikin da sauƙi, ƙafa ta fara rufewa. Na karɓi wayar na tambaye shi ko suna haɗuwa. Ya ce suna gaisawa a masallaci.

Gero ya fara fitar da kai ranar da babanku ya zo. Da hantsi ne, ina shanya wanki. Ya zauna da kawuna a gindin itacen bedi suka yi gaisuwa mai tsawo, sannan aka kira ni. Ya ƙara ramewa, amma idonsa ya washe, kuma takalmi sau-ciki ne a ƙafarsa. Kawu ya tashi ya ba mu wuri.

"Lokotoro ya ce in zo da mai dafa mini abinci. Akwai bayanin da zai yi mata."

"Ai Yaya Hajo ke dafa maka."

Ya kalli gonar da ke bayan danga.

"Ɗauko kayanki, Hadiza. Mota ba ta jira."

Iyakar bikon da aka yi mini ke nan, kuma na karɓa.

Lokotoron, wato likitan na Dosso, dattijo ne, Bazabarme, Hausarsa tana ɗan karkacewa amma ba ya kewaye-kewaye. Na zaci lissafin abinci kawai zai yi mini. Ya yi wannan, sannan ya rufe ƙofa ya ce akwai maganar da ya fi so mu ji tare. Ni na sunkuyar da kai, babanku yana kallon silin. Ya ce ƙarfin namiji ba wani abu ne daban da sauran jiki ba, aikin jini ne da jijiyoyi. Akwai ƙananan hanyoyin jini da dole su buɗe su cika, akwai kuma jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa. Suga idan ta daɗe a jini tana lalata duka biyun, hawan jini da taba da ƙiba su ma suna ƙuntata hanyoyin. Da yake na wurin sirara ne, sukan riga na zuciya nuna alama, shi ya sa sau da yawa wannan matsalar ce ke fara zuwa kafin mutum ya san yana da wani ciwo. Ya ce wasu kuma maganin da suke sha na wata cuta ne ke jawo musu, wasu sinadarin maza ne ya ragu a jikinsu, wasu kuwa, musamman samari, jikinsu lafiya lau, tsoro da damuwa ne kawai. Ya dubi babanku ya ce, "Kai Alhaji biyu suka haɗu maka. Suga ta fara, tsoro ya ƙarasa. Tun da ya faru sau ɗaya, kullum kana shiga ɗaki kamar mai shiga jarrabawa, jiki kuwa ba ya aiki a haka." Ya ce ƙwayoyin kasuwa ba a san abin da ke cikinsu ba, kuma ko na gaskiyan ba a ba mutum sai an duba zuciyarsa da sauran magungunansa.

Babanku ya yi gyaran murya ya tambayi abin da na san shi ne ya kawo shi.

"Shina dawowa?"

"Ba zan yi maka alkawarin ka koma saurayi ba," in ji likitan. "Abin da ya lalace da daɗewa ba duka ke gyaruwa ba. Amma ka riƙe sugarka, ka riƙa tafiya a ƙasa, ka sha maganinka, in lokaci ya yi akwai wanda zan rubuta maka da hannuna. Kuma ku riƙa magana da juna. Ba wanda ya ɗaure ka. Ba laifinka ba ne, ba laifin Madam ba ne. Mutane nawa ke zama kan kujerar nan da wannan maganar, kowa yana tsammanin shi kaɗai ne."

A motar dawowa muna kujerar baya, an matse mu da buhun albasa. Wajen rabin hanya na ji ya ɗora hannunsa a kan nawa a ƙarƙashin mayafi. Bai ɗauke shi ba har muka hango dutsen garinmu.

Ya mayar da shimfiɗarsa ɗaki. Ba zan ce muku komai ya koma yadda yake ba, don bai koma ba. An ɗauki watanni, akwai ranakun da tsohon duhun ke dawo masa, in ga yana neman hanyar zaure, sai in ce masa ya zauna mu yi hira kawai. Abin da Allah ya mayar mana ya ishe mu, kuma mun san juna a shekarun nan fiye da duk na baya. Na koyi dafa masa abinci daban, ya koyi shan shayi ba suga yana ɓata fuska. Hajo kuwa ya gaya mata ciwon suga ne, bai gaya mata sauran ba. Ita ta tsaya a kan cewa asirin ne ya karye da aka tone shi. Ta ci gaba da zuwa da daddawarta, muna gaisawa, amma har ta rasu ba ta ƙara cin abin da na dafa da hannuna ba. Kada ku riƙe ta da wannan. Ta ga ƙanenta yana narkewa, ta kama abin da ta sani.

Wanda ya biya mafi tsada shi ne Majo Garba. Babanku bai yi faɗa da shi ba, bai daina gaishe shi ba, duk salla yana aika masa da buhun wake. Amma bai ƙara iya zama da shi a benci ba. Idan Majo ya zo shago, sai babanku ya tuna da wani aiki a tasha. A hankali Majo ya gane, ya daina zuwa. Na yi wa babanku magana ba sau ɗaya ba, yakan ce, "Na sani, Hadiza. Ba na iyawa ne." Haka suka tsufa a unguwa ɗaya, sahu ɗaya a masallaci.

Da Majo ya rasu, babanku ne ya ture matasa ya shiga kabarin da sandarsa da komai, ya karɓe shi ya kwantar. Ya dawo gida da jar ƙasa a gwiwoyin wandonsa, ya zauna a dokin ƙofata bai ko karkaɗe ba. Na kawo masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba.

"Matarshi ta ce mini, wai har ya mutu shina tambayar mi ya yi mini. Ita ba ta san komi ba, Hadiza. Duk shekarun ga ko ita bai gaya wa ba."

Na zauna kusa da shi. Can ya ce, "In na riga ki, ki gaya wa yaran ga. Mazan musamman, tun da ciwon shina bin jini. Ki ce musu in ya same su, su tahi likita da ƙafarsu tun da wuri. Kuma wanda duk ya san sirrinsu ya rufa, kada su guje shi."

Sannan ya shanye ruwan, ya miƙo mini kofin, ya ce in ɗauko masa wani wando, za a yi zaman gaisuwa a ƙofar gidan Majo kuma yana so ya riga kowa zama.